Abuja: Masu Gadin Birnin Da Ba Sa Kwana Cikinsa

Wanda ya taso daga Kano zuwa Abuja a mota, kafin idonsa ya sauka kan Dutsen Zuma sai ya ƙoshi da ganin kaki. Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya, daga Kaduna zuwa Kateri, Jere da Tafa, ba a daɗewa ana gudu sai an ci karo da shinge: buhunan yashi, tsofaffin tayoyi, itace a gicciye, da mutum uku ko huɗu riƙe da bindiga cikin rana. Tun da masu garkuwa da mutane suka addabi wannan hanya, har ta kai ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022, matafiyi ya zama mai zuciya biyu game da shinge. In ya hango shi daga nesa a tsakiyar daji, sai ya yi hamdala. In mota ta iso gabansa, sai ya yi tsaki.

Haka aka yi a motarmu. A wani shinge bayan la'asar, direba ya rage gudu, ya miƙa hannu ta taga a dunƙule, aka ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ko mita hamsin ba mu yi ba ya fara Allah ya isa. Wata dattijuwa da ke kujerar baya ta ce, "Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Da babu su a dajin nan, za ka biyo shi da yammar nan?" Direba ya ce, "Hajiya, ai shi ya sa na biya kuɗin gadi. Abin da ke ci mini rai, gwamnati ta ce ta riga ta biya." Mota ta kwashe da dariya, aka kuma raba gardama gida biyu har muka shiga Zuba.

Ƙorafin direban ba shaci-faɗi ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016, cikin mutum 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda, 46 sun ba da na goro ko an nemi su bayar. A 2019 adadin ya sauko zuwa 33. An samu sauƙi, amma mutum ɗaya cikin uku ba ƙaramin taro ba ne. Sai dai maganar dattijuwar ma tana da gindi, kuma ita ce ta sa da na shiga gari na riƙa bin masu baƙin kaki da kallo, ina son in ga inda suke kwana da abin da suke yini a kai.

Asubar Mararaba

A Mararaba na sauka, wajen wani ɗan'uwa. A takarda Mararaba Jihar Nasarawa ce, amma a aikace ɗakin kwanan Abuja ce. Tun da gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a 1976, har Janar Babangida ya tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, an zana Abuja ne da manyan ma'aikata a zuciya. Maitama, Asokoro, Wuse da Garki sun samu faffaɗan tituna da itatuwa. Magina, masinjoji, direbobi, masu shara da ƙananan jami'an tsaro kuwa, sai suka koma Nyanya, Karu, Mararaba, Masaka, Kubwa, Lugbe, Madalla da Suleja.

Da an sallame sallar asuba, hanyar Keffi zuwa Abuja ta cika maƙil. A cikin masu jiran mota a bakin titi akwai 'yan sanda, maza da mata. Wasu sun ɗora rigar sanyi a kan kaki, wasu sun sa kakin a leda sai sun isa ofis su canza. Na ga kurtu yana ɗaga wa motocin gida hannu ko za a rage masa hanya, ana wuce shi kamar yadda ake wuce kowa. Na ga wata kofur tana ciniki da kwandasta a kan naira ɗari. Bariki bai ishi kowa ba, hayar cikin gari kuma ta fi ƙarfin albashinsu, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka. Wato mutumin da za a zaga a shinge da rana, da shi aka yi turereniyar shiga bas da asuba.

Mun ratsa ta Nyanya, inda bam ya tashi a tashar mota da safiyar 14 ga Afrilu, 2014, ya kashe mutum fiye da 70, yawancinsu irin waɗannan masu sammakon neman abinci. Daga nan aka hau gangaren Kugbo, aka faɗa mahaɗar AYA a Asokoro. A nan aikin mai ba da hannu yake. Yana tsaye cikin hayaƙin salansa, motoci na ɓullowa ta ko'ina, kowa na ganin shi ya fi kowa sauri. Yana cikin daidaita layi sai jiniya ta taso: jerin baƙaƙen motoci, a gaba da baya akori-kura cike da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Dole ya tsayar da kowa, ya ƙame, ya sara. Da jerin ya wuce, zagin da ba a iya yi wa mai jiniya ba, shi ake juye wa.

Wannan jerin motoci shi ne babban darasin lissafi a Abuja. Adadin 'yan sandan Najeriya da aka fi ambata bai wuce 370,000 da 'yan kai ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A 2018, Mike Okiro, tsohon Sufeto Janar wanda a lokacin yake shugabantar Hukumar Kula da Aikin Ɗan Sanda, ya ce fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Kusan duk Sufeto Janar da ya hau sai ya ba da umarnin a janye su, a Nuwamban 2025 ma Shugaba Tinubu ya sake ba da irin wannan umarni. Umarnin da sai an yi ta maimaita shi, shi da kansa yake ba da labarin yadda ake bin sa. A ƙofar manyan otal da kantunan Wuse 2, ba baƙon abu ba ne ka ga jami'i da bindiga a kafaɗa yana buɗe wa uwargida ƙofar mota.

Gidan Louis Edet

Hedikwatar rundunar 'yan sanda tana kan titin Shehu Shagari, dogon gini mai suna Louis Edet House, sunan ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar a 1964. Ba baƙon gida ba ne ga mutanen Arewa. Kam Selem na Borno ya gaji Edet, M.D. Yusufu na Katsina ya riƙe daga 1975 zuwa 1979, ga Muhammadu Gambo Jimeta, ga Ibrahim Coomassie, ga wasu da dama bayansu. Tushen rundunar ma da mu aka kafa shi. Turawan Ingila sun fara da 'yan gadi 30 a Legas a 1861, ba da daɗewa ba Kyaftin Glover ya tara Hausawa ya mai da su dakarun da yake tsare mulkinsa da su. A 1930 aka haɗe rundunonin Kudu da Arewa. A ƙasar Hausa kuwa, dogarai da 'yan dokan En'e ne talaka ya sani, su ke raka masu karɓar haraji da jangali, har aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya a zamanin Gowon. Daga kowane ɓangare ka duba, an gina aikin ne don tsare mai mulki kafin a yi tunanin tsare talaka. Tsoron da kakanninmu suke yi wa mai kulki gado ne, haka ma raini da mai kulki yake yi wa mai tsumma.

Ginin nan ya ga abin kunya, ya kuma ga jarumta. A 2005 aka gurfanar da Tafa Balogun, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar Sufeto Janar ba, kotu ta ɗaure shi wata shida kan dukiyar da ya tara. Wanda ya jagoranci hukumar EFCC da ta kama shi, Nuhu Ribadu, shi ma ɗan sanda ne. Ranar 16 ga Yuni, 2011 kuwa, wata mota ɗauke da bam ta biyo jerin motocin Sufeto Janar Hafiz Ringim har cikin harabar. Wani jami'i mai ba da hannu ya karkatar da ita zuwa wurin ajiye motoci, a can ta tashi, ya rasa ransa. Boko Haram ta ɗauki alhaki. Mutane da yawa suna tuna sunan Tafa. Kaɗan ne suke tuna akwai wani mai ba da hannu.

Daga nan zuwa Sakatariyar Tarayya tafiyar ƙafa ce. A wannan yanki, ranar 22 ga Yuli, 2019, aka yi arangama tsakanin 'yan sanda da mabiya Harkar Musulunci masu neman a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky. An kashe Mataimakin Kwamishina Usman Umar, mai kula da ayyuka a rundunar Abuja, an kashe wani matashi mai yi wa ƙasa hidima a gidan talabijin na Channels, an kashe masu zanga-zanga. Umarnin da ya jawo rikicin ba a bakin titi aka yanke shi ba, amma a bakin titi aka kwashe gawarwaki.

Teburin mai shayi

A wani lungu na Garki, bayan isha'i, na zauna teburin mai shayi kusa da wani saje, mutumin Arewa maso Gabas, da ya sauko daga aiki. Da ya ji Hausa a bakina sai hira ta ɓarke. Na tambaye shi abin da ya fi wuya a aikin. Na zaci zai ce 'yan fashi.

"Malam," in ji shi, "ɗan fashi ai na san abin da ya fito nema. Abin da ke karya mutum shi ne a kawo maka ƙara, ka duba mota babu mai. In ka ce wa mai ƙara ya kawo na mai, ka zama ɓarawo. In ka ce babu mai, ka zama marar amfani. Takardar rubuta bayani ma wani lokaci da kuɗinmu muke saye. Takalmin nan da kake gani, ni na saya."

Ya ce aikin sa'a goma sha biyu ne a faɗe, amma ranar zanga-zanga, zaɓe ko zuwan babban baƙo, babu mai tambayar agogo. Ya ce akwai kamun da kafin ka gama rubuta sunan mai laifi, waya ta shigo daga sama a ce ka sake shi, gobe kuma ya wuce ka a mota yana ɗaga maka hannu. Ya ce wanda ya mutu a bakin aiki, iyalinsa sukan daɗe suna zarya da fayil kafin su ga haƙƙinsa, ɗakin bariki kuma wani na jira.

Mai shayi, wanda tun ɗazu yake kaɗa ƙwai yana saurare, ya ajiye cokali. "Ofisa, duk na ji. Amma ƙanena da aka kama da babur, a bangon ofishin an rubuta beli kyauta ne da manyan baƙaƙe. Sai da muka yi karo-karo kafin ya fito daga bayan kanta. Shi ma na mai ne?"

Saje bai musa ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Akwai azzalumai a cikinmu, ba na rantse wa kowa. Amma kai ma, ranar da aka kama shi, lauya ka fara nema ko wanda zai yi maka hanya?" Mai shayi ya yi murmushi ya ce, "To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Ba wanda ya ci gardamar. Saje ya biya kuɗin shayinsa, na kuma lura mai shayin ya ƙirga.

Tambayar mai shayi ba ta da amsa a cikin talaucin ɗan sanda, kuma Abuja tana da tabon da ya fi na beli zurfi. A Yunin 2005, 'yan sanda suka harbe matasa shida, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da budurwa ɗaya, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ƙaryata hakan. Sai a Maris na 2017 babbar kotun Abuja ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Shekara kusan goma sha biyu iyalai suna jira. A Nuwamban 2024 kuma ƙasa ta ga hotunan yara ƙanana, akasarinsu daga Kano da Kaduna, da aka tsare tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wasunsu suna zubewa a gaban Babbar Kotun Tarayya saboda galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Irin waɗannan ranaku su ke sa in an karanta taken nan na ɗan sanda abokin kowa, mai sauraro ya taɓe baki.

Duk da haka akwai abin da ake mantawa game da zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020. Cikin buƙatu biyar da matasan suka gabatar, ɗaya ita ce a ƙara wa 'yan sanda albashi. An rusa SARS, sashen 'yan sanda mai yaƙi da fashi da makami, ranar 11 ga watan, rundunar kuma ta ce an kashe mata jami'ai 22 an lalata ofisoshi 205 kafin ƙura ta lafa. A Arewa kuwa, gwamnoni sun fito sun ce ba su yarda a rusa sashen gaba ɗaya ba, domin damuwar ƙauyukansu rashin jami'ai ce. Ƙasa ɗaya, wani na kukan ɗan sanda ya yi masa yawa, wani na kukan bai taɓa ganinsa ba.

Bayan gari

Ba sai an je Zamfara za a ji kuka na biyun ba. Na hau motar Bwari ta Dutse Alhaji, muka bi ta gefen madatsar ruwan Usuma da ke shayar da birnin. Bwari na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Abuja, nan hedikwatar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi suke. Bayan garin kuwa duwatsu ne da daji da suka haɗe da Kaduna da Neja. A Janairun 2024 'yan bindiga suka riƙa shiga gidaje a yankin suna kwashe iyalai, har suka kashe wasu daga cikin waɗanda suka kama, abin da ya sa rundunar ta ƙaddamar da wata tawaga ta musamman a watan. Kafin wannan, ranar 5 ga Yuli, 2022, an fasa gidan yarin Kuje da dare, ɗaruruwan fursunoni suka tsere.

A unguwannin gefen Bwari, maganar da na ji ta sha bamban da ta cikin mota. Mazauna sun yi karo-karo sun sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, suna biyan 'yan banga da mafarauta masu bindigar toka. Wani magidanci ya ce mini, "Mu nan ko shingen karɓar na goro ne a kawo mana, mun gode." Ya faɗa da dariya, amma ba wasa yake yi ba. Jami'an da ke rakiyar mutum ɗaya a Maitama sun isa su riƙe ƙaramin caji ofis a nan.

Tsofaffin kaki

A wani rukunin shaguna a Wuse na haɗu da dattijo mai buɗe wa motoci ƙofa, sanye da shuɗin yunifom na kamfanin gadi. Tsayuwarsa ce ta tona shi. Ya ce sufeto ne mai ritaya, ya yi shekara 35 ɗin da doka ta yanka. Na ce, "Baba, ba lokacin hutu ba ne?" Ya ce, "Ɗana, hutu sai da abin hutu."

Maganarsa ita ce ta fito da tsofaffin 'yan sanda kan titi ranar 21 ga Yuli, 2025, suka yi cincirindo a ƙofar Majalisar Tarayya da hedikwatar rundunar, suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004, kamar yadda aka fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri. Waɗanda aka turo su tare su a ƙofa ƙannensu ne da 'ya'yansu a aiki. Kowane kurtu da ya tsaya a layin ranar ya ga gobensa da idonsa. Ba kuma yau aka fara ba: a Fabrairun 2002 ƙananan jami'ai sun taɓa yin yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, abin da ya yi awon gaba da kujerar Sufeto Janar Musiliu Smith. Mutumin da ya tabbata tsufansa babu tanadi, ka ba shi bindiga da shinge, ka san jarrabawar da ka ɗora masa. Wasu suna cinye ta. Wasu suna faɗuwa, talaka ya biya.

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. An kafa sashen karɓar ƙorafin jama'a a 2015, asusun tallafa wa rundunar a 2019, sabuwar Dokar 'Yan Sanda a 2020 wadda ta maye gurbin ta 1943, ta kuma haramta kama mutum a madadin ɗan'uwansa. An ƙara albashi da kashi 20 cikin 100 daga 2022, hauhawar farashi ta lashe. Yanzu ana ta muhawarar 'yan sandan jihohi, domin sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 runduna ɗaya tak ya amince da ita. Ko an yi ta jiha, ko an bar ta tarayya, tambayoyi uku ne ba za su canza ba: wa ake turo jami'in ya tsare, wa ke zuba wa motarsa mai, wa ke hukunta shi in ya zalunci mai tsumma, a cikin wata nawa. Amsoshin duka uku suna hannun mutanen da ke cikin motocin jiniya. Muddin ba a matsa musu sun amsa ba, direba da saje za su ci gaba da cin mutuncin juna a kan naira ɗari biyu, su kuma tashi da asuba su yi layin bas ɗaya.